Bandir biyar na kwano

Ƙannena matasa, musamman ku da kuka fara karɓar albashi ko kuka buɗe ɗan shago a Sabon Gari, Samaru ko Tudun Wada, akwai abin da na yi ina saurayi wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu. Zan ba ku labarinsa domin kada ku bi inda na bi.

Wata Lahadi ce aka kafa gidauniyar sake rufin majami'armu. A lokacin ina koyarwa, albashina bai wuce mafi ƙarancin albashi na wancan zamani, naira 18,000, da wani abin kirki ba. Mai gabatarwa yana riƙe da makirufo, duk wanda ya miƙe ya faɗi abin da zai bayar sai a tafa, 'yan Zumuntar Mata su rangaɗa guɗa. Wani abokina ya ce bandir uku na kwano. Yarinyar da nake nema kuma tana zaune cikin mawaƙa. Kafin in ankara na miƙe na ce bandir biyar. Magatakarda ya sunkuya ya rubuta sunana a littafi, ni kuwa in ban da kuɗin mota babu komai a aljihuna. Na gaya wa kaina wai bangaskiya ce. Son a gan ni ne, kuma tun a wurin zuciyata ta san haka.

Abin da ban sani ba shi ne, a yammacin ranar kwamiti ya zauna ya haɗa lissafin alkawuran nan kamar kuɗi ne a hannu. A kansu aka kira kafinta, a kansu aka sayo katako da ƙusa, a kansu aka yaye tsohon rufi a watan Maris domin a gama kafin damina. Duk ɗan Zariya ya san yadda ruwan farko yake zuwa, da guguwa da ƙura a gabansa. Ranar da ya sauko, ɓangaren da yaran makarantar Lahadi ke zama babu kwano, sai tamfol da iska ta naɗe ta jefar bayan katanga. Bencina suka jiƙe, littattafan waƙoƙi suka kumbura suka manne da juna. Da na shiga da safe na tarar da wata tsohuwa, sa'ar kakata, ta durƙusa da tsumma da bokiti tana tsane ruwa daga ƙasa. Ta ɗago ta ce mini, "Sannu da zuwa, ɗana, bi ta can kada ka zame." Ba ni kaɗai ne ban cika alkawari ba, amma nawa yana cikin manya.

Daga nan na fara zille wa sujada. Yau in ce ba ni da lafiya, wani mako in tafi wata majami'a a Samaru inda ba a san ni ba. Wata biyu ina haka, sai ga ma'ajinmu a ƙofar ɗakina da kekensa, dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin reluwe. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya ce, "Ɗana, ba karɓar bashi na zo ba. Wurin zamanka ne na ga babu kowa." Na ce, "Baba, kunya ce." Ya buɗe mini Mai-Wa'azi 5, inda aka ce gara mutum bai yi wa'adi ba da ya yi bai cika ba. Sannan ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini: nawa zan iya bayarwa kowane wata ba tare da na ci bashi ko na hana mahaifiyata abin da nake aika mata ba? Na faɗi ɗan abin da zan iya. Ya rubuta. Wata 14 na yi ina biya, kowane ƙarshen wata yana ba ni rasit.

Ku lura da wannan, domin shi ne abin da na fi so ku riƙe: kalmar da ka furta a gaban jama'a, ikilisiya tana ɗora mata nauyi. Kasafin kuɗi ba ya tsayawa a kan niyya mai kyau. Bulus da kansa ya ce a 2 Korintiyawa 8:12 baiko abin karɓa ne gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. In an zo gidauniya jini ya ɗebe ka, ka zauna tukuna. Ka koma gida ka duba albashinka, kuɗin haya, adashin da kake zubi, sannan ka sami ma'aji a keɓe. Ba a tafa wa wannan, amma da shi ake sayen kwano.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don shi da gangan na yi. Bayan wasu shekaru muka saɓa da dattawan ikilisiya a kan sayen kayan kiɗa na matasa. Suka ce a dakata, ni kuwa na yi fushi na daina ba da zakka har wata shida, ina ganin ai na hukunta su. Sai da aka sa ni cikin kwamitin kuɗi daga baya, na buɗe tsofaffin littattafai, na ga inda fushina da na irina ya sauka. Duk watan da kuɗi ya gaza, ba dattawa ne ke ji a jikinsu ba, su ba a biyan su ko sisi. Wanda ake cewa ya yi haƙuri sai wata mai zuwa shi ne mai bisharar da muke tallafa wa a wani ƙauye ta hanyar Giwa, mai 'ya'ya huɗu, da kuma maigadi. Mutanen da ba su ma san an yi wata gardama a kan ganga da jita ba.

Zaman kwamitin nan ya buɗe mini ido. Bayan an tashi sujada mu uku muke shiga ɗan ɗakin da ke bayan bagade, mu juye kwando a kan tebur. Yawancin abin da ke ciki naira 50 ne, 100, 200, a cukurkuɗe, wasu da ƙanshin daddawa, wasu da tabon manja, ka san daga bakin zanen 'yar kasuwa suka fito. Sai ambulan na zakka, waɗanda sunaye kusan iri ɗaya ne ke dawowa wata bayan wata: malamar asibiti, direba, tela, ɗan fansho. Da waɗannan ake biyan fasto, kuɗin wuta, man janareta, kason da ake turawa gunduma, taimakon marayu da matan da mazansu suka rasu, da kuɗin asibitin wanda ciwo ya kayar ba shiri. A cikin waɗannan buƙatu babu ko ɗaya da ake rubuta sunan mai bayarwa a jikinsa. Mu kuwa mun fi son sayen fanka ko agogon bango, abin da za a nuna a ce wane ne ya kawo. Na taɓa ganin shekarar da muka sami agogo uku, albashin maigadi kuma yana makara.

A farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, takardun kuɗi suka yi wuya, kwando ya kusa bushewa. Waɗanda suka saba tura nasu ta banki a kan kari su suka riƙe mu. Aka zo ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kasafin da muka yi a Janairu ya tashi daga aiki. A irin wannan shekara ma'aji ba ya tambayar wa ya fi bayarwa, wanda yake nema shi ne wanda za a iya lissafi da shi. Shawarar 1 Korintiyawa 16:2 ke nan, kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Ni yanzu ranar da albashi ya shigo nake warewa, kafin in taka kasuwa, don na gwada barin sa zuwa ƙarshen wata sau da yawa, ban taɓa tarar da shi ba.

In kun sami hali ku je Wusasa ku dubi majami'ar Saint Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa a 1929, lokacin da mishan ta CMS, wato ƙungiyar masu bishara daga Ingila ta su Likita Mila, ta tashi daga cikin birni ta koma can. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba ginawa ce kaɗai ke tsayar da shi ba, sai an bi shi da yaɓe da gyaran indararo. Haka kuɗin ikilisiya yake.

Game da gardamar ko dole ne kashi goma cikin ɗari, na ji masu kafa hujja da Malakai 3, na ji masu kafa hujja da 2 Korintiyawa 9:7, cewa kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, ba da tilas ba. A ganina kashi goma ma'auni ne mai kyau ga mai albashi, amma ɗalibin da zai iya naira 200 duk Lahadi ya fara da ita ba tare da jin kunya ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka ci bashi, ko ka ɗauki kuɗin makarantar ƙanenka, don wani ya ce ka shuka iri a ninka maka. 1 Timoti 5:8 ya yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba.

Sannan ku riƙa zama taron rahoton shekara. Na yi shekaru ina ficewa da zarar ma'aji ya miƙe da takardunsa, in fita waje ina gunagunin ba a san inda kuɗi ke tafiya ba. Tambaya ba rashin ladabi ba ce. Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da aka haɗa shi da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Ka nemi a nuna maka abin da ya shigo da abin da ya fita, cikin girmamawa, a cikin taro, ba a bakin shagon mai shayi ba.

In kuma kana karanta wannan alhali sunanka yana cikin wani littafi, da alkawarin siminti ko kujeru da ka san ba za ka iya ba, kada ka sauya majami'a kamar yadda na yi. Ka sami ma'aji a wannan makon, ka ce, "Baba, na faɗi abin da ya fi ƙarfina, ga abin da zan iya duk wata." Ka je tun kwamiti bai kira kafinta ba.