Ku zaɓi ruwa ɗaya ku zauna a kansa

Ƙananan malamai da ɗaliban digiri na biyu masu nazarin rayuwar koguna da tafkuna sukan tambaye ni yadda ake yin suna a wannan fage. Galibi abin da ke ransu shi ne yawan takardu da yawan masu ambaton sunansu a Google Scholar, shafin intanet da ke ƙirga ambaton takardun bincike. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba: ku zaɓi ruwa ɗaya, ku bi shi shekara da shekaru.

Ni ban yi haka ba. Sa'ad da nake fafutukar ƙarin girma, bana ina madatsar ruwa ta Dadin Kowa, baɗi ina ta Balanga, daga nan na tsallaka ta Gubi a Bauchi. Ko'ina 'yan watanni kawai, a cika kwalabe, a auna, a rubuta, a biya wata mujalla da ba ta tantance komai ta buga. Fom ya cika, an ƙara mini girma. Amma ranar da aka tambaye ni a wani taro ko laka ta ƙaru a ruwan Dadin Kowa cikin shekarun nan, sai na kama kame-kame. Tun 1984 aka kammala madatsar a kan kogin Gongola, ga ni a Gombe kusa da ita, amma ba ni da awo na shekara biyu a jere daga wuri guda.

Ku dubi Gene Likens, masanin kimiyyar muhalli na Amurka. A 1963 shi da abokan aikinsa suka fara auna ruwan sama da na ƙananan ƙoramu a dajin Hubbard Brook, mako bayan mako. A nan suka gano ruwan saman yankin yana da tsami fiye da kima, saboda hayaƙin masana'antu da tashoshin wuta. Sun buga bayanin a 1972, kuma har yau ba a daina awon ba. Wannan dogon jerin alƙaluma shi ya sa duk mai magana kan tsamin ruwan sama sai ya bi ta kansa.

Sai batun lokaci, wanda ya fi ba ni kunya. Mota ba ta tashi daga Gombe sai hantsi, don haka kullum da rana tsaka nake tsoma na'urar auna iskar oksijin da ke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Sakamako kuwa tas. Wani dattijo masunci da ke tuƙa ni a kwalekwale ya daɗe yana kallona, rannan ya ce, "Malam, ka kwana nan ka fito da asuba." Na kwana. Gari bai waye ba ya kai ni wani lungu mai ciyawa inda ruwa ba ya motsi, sai ga karfasa sun taso, bakuna a sama suna haɗiyar iska. Na'urar ta nuna oksijin ya faɗi ƙasa warwas. Ai abin yana cikin littafin aji ɗaya: gansakuka da ciyawar ruwa suna fitar da oksijin da rana, da dare kuwa su da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da datti duk shaƙa suke yi. Na san shi don jarrabawa, ban kai shi bakin ruwa ba. Tarwaɗa ba ruwanta, don tana iya shaƙar iskar sama, shi ya sa inda ruwa ya lalace ita ke saura. In masunta suka ce muku yanzu tarwaɗa ce kawai ke shiga raga, ku rubuta, da kwanan wata.

Kada rashin kuɗin bincike ya tsayar da ku. Faifan Secchi, wanda ake auna garai-garan ruwa da shi, ana iya yin sa da murfin bokitin fenti: a yanka shi da'ira mai faɗin santimita 20, a shafa baƙi da fari, a ɗaura igiya mai alamar awo, a maƙala ƙarfe a ƙasa don ya nutse. Ku fara gaida sarkin ruwa, ku gaya masa abin da ya kawo ku. Sannan kowane wata ku koma mashiga ɗaya, a daidai lokacin da kuka saba zuwa, ku rubuta zurfin da faifan ya ɓace wa ido a littafi da fensir, don tawadar biro tana narkewa in ta jiƙe, ku ɗauki hoton shafin a waya kafin ku hau mota.