Lambar fil ba ita ce girman huji ba

Farantan alminiyam 40 aka kawo mini in duba a nan Damagaram, kowane da huji huɗu, zane ya ce 8 H7. Wato kada faɗin huji ya gaza milimita 8 cif (8,000), kada kuma ya wuce 8,015. Akwatin fil ɗin awonmu, wato 'yan sandunan ƙarfe masu kauri daban-daban da ake zurawa a huji, yana hawa ne da 0,01. Na zura 8,00 ya wuce sumul, 8,01 ma ya shige, 8,02 ya cije a baki. Sai na rubuta 8,01 a gurbin girman huji, na sa hannu. Takardar ta dawo mini, kuma mai kaya ne da gaskiya.

Fil ba ya faɗin girman huji. Iyakar abin da yake shaida maka shi ne hujin ya fi shi faɗi, domin in girmansu ɗaya cif, ba zai shiga da hannu ba. Ke nan hujina yana wani wuri tsakanin 8,01 da 8,02, iyakar 8,015 kuwa tana tsakiyarsu daram. Yana iya zama 8,013 mai kyau, yana iya zama 8,018 na jefarwa, takardata ba ta raba gardama ba. Sai da muka nemo fil na 8,015 aka sake bin hujin ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu lamba biyu nake rubutawa: babban fil da ya shiga, da ƙaramin da ya ƙi. A gefe in sa cewa da fil aka auna, da lambar akwatin, da ajinsa, wato matakin daidaiton kaurin fil ɗin. Ajin ZZ yana da sassaucin 0,005, sama ko ƙasa gwargwadon alamar da ke jikin akwatin, kashi ɗaya cikin uku ke nan na duk filin da H7 ya ba ka. Ba abin rainawa ba ne.

Ina kuma gwadawa ta baki biyu. Huji mai buɗaɗɗen baki yakan karɓi fil milimita biyu ko uku sannan ya riƙe, sai in rubuta zurfin da ya kai. Wanda ya yi siffar ƙwai kuwa, fil ƙuncinsa kawai yake gani.

Ga zafin garin nan. Ma'aunin duniya a digiri 20 aka tsaida shi, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Alminiyam ya ninka ƙarfe wajen buɗewa, don haka hujin 8 yakan ƙara wa fil wajen 0,002 na sarari. Da sassafe nake awo, bayan kaya da fil sun kwana ɗaki ɗaya, in rubuta zafin ɗakin. Lokacin hunturu ƙura ce matsalar: a kankare tsinin bakin huji, a goge fil da ƙyalle mai tsabta, a tura da yatsa biyu ba tare da murɗawa da ƙarfi ba, don alminiyam ba ya jimirin tilas.