Ƙannena masu zuwa karatun lauya a Birtaniya, ku rage neman sashe

Ƙannena da kuka samu gurbin karatun lauya a Birtaniya, akwai darasin da zai tarbe ku tun da wuri, wato dokar tsarin mulki da ta hukumomin gwamnati. Shi ya fi ba ni wuya, kuma ni na shige shi da ƙafar hagu.

Da kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 na tashi. A gida idan gardama ta kaure, tambayar ɗaya ce: wane sashe ne ya faɗi haka? Sashe na 1 ya riga ya yanke magana, duk dokar da ta ci karo da kundin ba ta da aiki. Da wannan tunani na isa can, na buɗe littafin rubutu na shiga jera dokoki ina haddacewa: Magna Carta ta 1215, dokar 'yanci ta 1689, dokokin majalisa na 1911 da 1949, dokar haƙƙin ɗan Adam ta 1998. A zatona idan na tara su na haɗa kundi. A jingar farko da aka ba mu sai na rubuta cewa kotu za ta soke dokar majalisa idan ta tauye haƙƙin mutum. Malamarmu ta ja jan biro a ƙarƙashin jimlar, ta rubuta a gefe: da wane iko? Na bi jerin nan nawa sama da ƙasa, ban sami amsa ba.

Birtaniya ba ta da kundi guda da ke saman sauran dokoki. Majalisa ce a sama. Tun 1885 masanin shari'a Dicey ya fayyace cewa majalisa tana iya yin kowace doka ko ta warware ta, kuma ba wanda ke da hurumin ture abin da ta zartar. Shari'ar da ta zaunar min da wannan a ka ita ce ta fursunonin kurkukun Belmarsh da ke Landan a 2004. An tsare wasu baƙi ba tare da an gurfanar da su ba, a ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 2001. Manyan alƙalan ƙasar suka ce dokar ta saɓa wa haƙƙin ɗan Adam, amma dokar ta ci gaba da aiki har sai da majalisa ta kawo wata a 2005. Wannan abu ya dame ni, har yau ma yana damuna, domin mutane ne a kulle ana jiran 'yan siyasa. Amma ɗalibin da bai gane shi ba zai yi ta amsa tambayar Abuja a jarabawar Landan.

Na kuma raina al'adun mulki, ina ganin abin da ba a rubuta a doka ba ai zance ne kawai. Ashe nan ran darasin yake. Ba wata doka da ta tilasta wa Sarki sa hannu a kan ƙudurin majalisa, amma rabon da a ƙi sa hannu tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Haka naɗa firaminista: al'ada ce ta ce a naɗa wanda majalisar wakilai za ta mara wa baya. Kotu ta san da waɗannan al'adu, sai dai ba ta tilasta bin su. A shari'ar Miller ta 2017 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ba za ta fara fita daga Tarayyar Turai ba sai da dokar majalisa, amma ta ƙi zama mai gadin al'adar neman yardar majalisar yankin Scotland kafin a yi dokar da ta taɓa hurumin yankin.

Mu 'yan Nijeriya muna da tamu shaidar. A 1962 gwamnan Jihar Yamma ya tuɓe Firimiya Akintola bisa wasiƙar da mafi yawan 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da ƙuri'a a zauren majalisa ba. Da magana ta kai ga alƙalan majalisar Sarauniya a Landan, wato kotun ƙarshe ga Nijeriya a lokacin, a 1963, suka ce kalmomin rubutaccen kundin jihar ne abin bi, al'adar Birtaniya ba za ta danne su ba, don haka tuɓewar ta halatta. Ku karanta wannan shari'a, za ku ga inda tsarin nan biyu suka rabu.

Abin da ya fi cin min maki shi ne dogaro da taƙaitattun bayanai da ɗalibai ke miƙa wa juna. Layi uku a kan kowace shari'a, ka haddace ka shiga jarabawa. Sai tambaya ta zo da labarin wani minista da ya rufe wata hukuma bai saurari kowa ba, in zauna da sunayen shari'o'i fal kai, na rasa wadda zan ɗora a ina. Sai da na koma ina karanta hukunci daga farko har ƙarshe na fara jin yadda alƙali ke tunani.

Ku fara da shari'ar Entick ta 1765. Manzannin Sarki suka fasa gidan wani marubuci, suka kwashe takardunsa, da takardar izini daga minista. Alƙali Camden ya ce a nuna masa dokar da ta ba minista wannan iko. Da aka rasa, ya ce kutse ne. Daga nan ku tsallaka zuwa 24 ga Satumba 2019, ranar da alƙalai 11 na Kotun Ƙoli suka yi baki ɗaya cewa shawarar da firaminista na lokacin, Boris Johnson, ya ba Sarauniya ta dakatar da majalisa makonni 5 haramtacciya ce. Hukuncin gajere ne, Turancinsa ba sarƙaƙiya, kuma kyauta yake a intanet. Ku karanta shi da biro a hannu, a kowane sakin layi ku tambayi kanku: wa ke riƙe da ikon, daga ina ya samo shi, wa zai iya taka masa birki?

Kada kuma ku bar kundin 1999 a gida. Wanda ya yi digirin lauya a waje, idan zai yi aiki a Nijeriya, sai ya bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, inda za a fara da koya masa dokokin ƙasa. Ku tafi da kwafinku, duk abin da aka koyar a aji ku duba yadda namu ya ce a kansa.