Telan da ya daina juya riga

Shagona yana cikin garin Damagaram, ba nisa da Kasuwar Dole. Ɗinkin maza muka fi yi: kaftani, babbar riga, ƴar shara, da aikin wuya na keken surfani. Kekuna shida ne, sai teburin yanka guda, wanda ba kowa nake bari ya taɓa almakashinsa ba. Shadda da yadi wasu a nan kasuwa ake saye, wasu kuma daga Kantin Kwari na Kano ake kawo su.

Shekarar tela ba a shimfiɗe take ba. Akwai watannin da za ka wuni kana korar ƙuda, sannan azumi ya kama, kowa ya tuna yana da yadi a akwati. Ba ka gama hutawa daga ƙaramar sallah ba, bayan wata biyu da kwana goma sai ga sallar layya. In an yi kaka mai kyau kuma bukukuwa su biyo baya. A 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin garinmu ke haura digiri 40. Ga shi tun da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, aka yi watanni ana fama, yaran shago suka saba da cewa duk sa'ar da kuran, wato lantarki, ya zo, ko ƙarfe biyun dare ne, sa'ar aiki ce. Wutar ta dawo, sabon bai tafi ba.

Gajiya ba abin tsoro ba ce a wannan sana'a. Kowa yana gajiya, ya kwanta, ya tashi garau. Wadda nake sa wa ido ita ce wadda barci ba ya maganinta, kuma a hannu take fara bayyana, tun kafin baki ya faɗa.

Tela mai lafiya in ya gama riga, sai ya juya cikinta waje. Ya bi layin ɗinkin da babban yatsa daga kafaɗa zuwa hammata, ya ja kaɗan ya ga ko zai buɗe, ya datse bakin zare, ya haɗa hannu biyu ya ga ko sun yi daidai. Ba wanda ya sa shi, kunyar sunansa ce. Ranar da na ga yaron da ya saba yin haka ya zare riga daga keke ya wurga ta kan tulin masu guga bai ko waiwaya ba, na san an zo wurin. Ba lalaci ba ne, don malalaci tun farko ba ya juyawa. Wannan mutum ne da abin ya daina damunsa.

Daga nan sai awo ya fara kuɓuce masa. Ya duba littafi, ya juyo teburi, ya manta, ya sake komawa. Sai halinsa da mutane ya sauya. Wanda da yake miƙewa ya ce “Sannu da zuwa, Alhaji, ina wuni?” yanzu kansa na sunkuye, daga nan yake amsa sallama. In ya tashi maganar masu kaya sai ka ji “waɗannan mutanen”, sai ka ce ba su ke ciyar da mu ba. Waya ta yi ta ƙara ya kife ta. A ƙarshe ka ji gwani da bakinsa yana cewa, “Maigida, ni fa ɗinkin nan ban ga abin da na iya a cikinsa ba.”

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan yanayi cikin kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa in ba a shawo kansa ba. Alamomi uku ta ambata: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga ran mutum har ya riƙa kushe shi, da raguwar ƙwazo. Duk wanda ya taɓa riƙe shago a goman ƙarshe na azumi ya ga ukun a kujera ɗaya.

Jiki kuwa magayi. Ciwon kai da yamma, wuya ya sandare, ido ya yi ja, a kawo abincin sahur ya ture. Shayi ya tashi daga kofi uku na al'ada ya koma butar ba ta sauka daga gawayi, a bi da Nescafé da goro. Abin da ya fi tayar mini da hankali tramol ne. Yaro ba ya fara shi don iskanci. Wani ne zai ce masa in ya haɗiya zai kai asuba bai ji komai ba, kuma ya kai ɗin. Sai dai sallah ta wuce, ƙwayar ba ta wuce ba. A shagona duk wanda na ga ya kwana biyu bai runtsa ba kuma yana ta fara'a, shi nake ja gefe, ba mai gyangyaɗi ba.

Mu iyayen gida tamu alamar daban ce, a harshe take. “Gobe in sha Allahu” ta yawaita, alhali ka san kayan ko yanka su ba a yi ba. Ka fara zagayawa ta bayan layi don kada ka haɗu da mai kaya a masallaci. Ka shiga gida ƴarka ta taho da gudu ka daka mata tsawa ba dalili. Malamai suna yawan tuna mana hadisin da ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma haka. Telan da ya fi kowa gyaɗa kai a wurin wa'azin, shi ne zai koma keke har asuba.

Tsarin biyan kuɗi ma yana da hannu a ciki. Yawancin shaguna a kan kowace riga ake biyan yaro, don haka in ka ce ya je ya kwanta, ji yake ka sa hannu a aljihunsa. Shi ya sa a azumi nake ba kowa wani abu tsayayye a mako, ban da kuɗin riga. Yanka kuwa da safe kawai ake yin sa. Layin ɗinki in ya karkace ana farkewa a sake, amma almakashi in ya ci shaddar jaka hamsin, ba mai mayar da ita. Dare kuma rabawa muke: waɗanda suka yi bayan tarawihi ba su ne za su buɗe shago ba. Wanda ya huta kwanakin sallah ya dawo yadda ya tafi, ba na tsayawa hasashe, gidan likita nake tura shi, don zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da ciwon damuwa duk suna iya zuwa da irin wannan kama.

Littafin karɓar aiki ina rufe shi sha biyar ga azumi. Baƙo ba ya wahalar da ni, in na ce an rufe sai ya gwada gaba. Masu wuya ƴan uwa ne da manyan unguwa, waɗanda ke shigowa ashirin da bakwai ga wata da leda a hammata suna cewa, “Haba ɗana, kala ɗaya ce fa, ta hawan sallah.” Sai in ba shi kujera, in buɗe littafin a gabansa, in ce, “Baba, duba da kanka, wa zan cire in sa ka?” Wasu su yi dariya su bar kayan sai sallar layya. Wasu su tafi da fushi, kuma akwai waɗanda har yau ba su sake kawo mini ɗinki ba.