Tafiyar Fadamar Haɗejiya da Nguru: Kacala, Jan-baki da Ruwan da Ba Ya Janyewa

Hanyar Kano zuwa Haɗejiya ba ta da labari, don haka zan tsallake ta. Tafiyar ta soma ne bayan mun bar Haɗejiya mun nufi wajen Kirikasamma cikin sanyin hunturu, inda mota ta ajiye mu a bakin ruwa muka shiga kwalekwale. Duk wanda ya san fadamar nan ta bakin tsofaffi, abin da yake sa ran gani shi ne ruwa shimfiɗe iya ganinsa, ga bado, ga burugu, ga agwagi. Mu abin da ya tare mu ciyawa ce kore shar, tsawonta ya haura mita 2, wani wurin ya kai 3, ta tsaya dama da hagu, sai wata 'yar siririyar hanya da masunta suka sare, wadda kwalekwale biyu ba sa iya giftawa a cikinta. Ita ce kacala. Mai tuƙa mu yana nuna wurare da sandarsa yana lissafa gonakin shinkafar da ke ƙarƙashinta da sunayen masu su.

Ba za a gane kacala ba sai an gane yadda ruwan nan yake tafiya a da. Kogin Haɗejiya da na Jama'are suna gangarowa su tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, sai su rarrabu su malale, kafin su sake haɗuwa su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Ambaliya takan cika wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwa ya hau kan filin da shanu suka yi kiwo da rani, ya jiƙa kashinsu, ƙananan ƙwarin ruwa su yawaita, kifi ya bar kwarin kogi ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yansa su sami abinci da maɓoya. In ruwa ya soma ja, kifin ya koma kogi da tafkuna, wanda ya makara a kududdufi ya zama rabon zalɓe da kwasakwasa. Manomi ya bi sawun ruwa ya shuka wake a kan laima, Bafulatani ya shigo da shanu su ci burugu su sake zuba taki. Wuri ɗaya, masunci da manomi da makiyayi da tsuntsu kowa da watansa. Duk wannan ya rataya ne a kan abu biyu: ruwa ya cika sosai, sannan ya janye ƙasa ta bushe ƙayau.

An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, duka a kan kogunan da ke ba kogin Haɗejiya ruwa. Tun daga nan ambaliyar ta ragu. Filin da ruwa ke mamayewa ya haura murabba'in kilomita 2,000 kafin Tiga, amma a farkon shekarun 1990 ya koma ƙasa da 1,000. Abin da ya fi wannan illa shi ne ruwan da ake saki da rani, wanda ya hana rassan kogin bushewa. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa shekara zagaye, shi ne gidan kacala. Ni daga wajen Kura na fito, inda ruwan Tiga yake ba mu tumatir da shinkafa da alkama, kuma a wajenmu ba wanda ke ambaton madatsar sai da alheri. Ya kamata duk mai noman rani a can ya zo ya shiga kwalekwalen nan sau ɗaya, ya ga inda ake biyan kuɗin ruwan da muke sha.

Ciyawar tana yaɗuwa ta hanya biyu. Kanta, wanda ya yi kama da zangarniyar gero, yana ɗauke da ƙananan iri dubbai masu gashi, iska na kwasarsu. A ƙasa kuma tana da saiwa mai kauri da ke rarrafe cikin taɓo tana fitar da sababbin tsirrai. Idan ta kafu sai ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, hanyar ruwa ta cike, sai ta ƙara samun wurin zama. Haka ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da reshen Burum Gana, ruwa ya karkata ya bi reshen Marma zuwa tafkin Nguru. Shi ya sa za ka tarar da ƙauyen da ruwa ya cinye wa gonaki, ka yi gaba kaɗan ka tarar da wanda ke kukan ruwa ya daina zuwa.

Mun sami matasa suna aikin gayya, tsirara daga ƙugu zuwa sama cikin sanyin nan, suna sara da lauje da adda, kuma na ji daɗin ganin sun san kan aikin. Ganyen kacala cike yake da ƙofofin iska waɗanda ke kai wa saiwar numfashi har cikin taɓo. Ko busasshen kara da ya leƙo saman ruwa yana yin wannan aiki. Saboda haka sara a saman ruwa aikin banza ne, cikin 'yan makonni ta dawo. Dole a sare ta a ƙarƙashin ruwa, a bar aƙalla taƙi guda na ruwa a kan kututturen, a kwashe abin da aka sare a fitar da shi tudu, don in aka bar shi yana ruɓewa ya cinye iskar ruwan ya kori kifi. Sai a dawo a sake sare tohon sau biyu ko uku kafin ya yi ƙarfi, har saiwar ta ƙarar da abincin da ta tara ta mutu. Inda aikin ke lalacewa shi ne in ruwa ya ja baya kututture ya fito fili, ko a sara sau ɗaya a tafi. Ƙonawa da rani kuwa, wadda mutane suka fi so don sauƙinta, ganye kawai take ci. Saiwar na nan lafiya lau, tokar ma ta zama mata taki. Injinan yasa suna buɗe hanya da sauri, amma muddin ruwan bai daina zama ba, iri na nan yana jira.

Da la'asar sakaliya muka ga jan-baki suna dawowa makwanci. Sun fi minti ashirin suna wucewa, garke bayan garke, suna zuba cikin kacala har karan na lanƙwasawa. Ɗan tsuntsun bai wuce giram 20 ba, yana cin kusan giram 10 na ƙwaya a yini. Yi lissafi: miliyan ɗaya tan 10 ke nan kullum, buhu 100 mai kilo 100, ban da wanda suke kakkaɓewa ƙasa. Asalin abincinsu irin ciyawar daji ne, sai ya ƙare suke faɗa wa shinkafa da gero da dawa. Abin da kacala ta ba su shi ne ɗakin kwana a tsakiyar ruwa, inda mutum ba ya kaiwa, kuma dab da gona. Yara suna wuni a kan rumfa suna jan igiya mai gwangwanaye, da yawansu a lokacin da ya kamata suna makaranta. Ana feshi da jirgin sama da magariba da wani magani mai suna fentiyon, yana kuma kashe su, sai dai shirwa da shaho da mujiya da suka ci gawar su ma suna bi, sauran maganin ya sauka a ruwan da ake sha ake kamun kifi. A ganina masu kama su da raga da dare su soya su kai kasuwa sun fi jirgin amfani, ko da ba su kai shi yawan kisa ba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ruwa mai kwanciya cikin ciyawa yana tara ƙananan dodon-koɗi, su ne masaukin tsutsar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini, wani irinsu kuma na ɗauke da tsutsar da ke cin hantar shanu da tumaki. A da bushewar rani tana rage su ƙwarai kowace shekara. Sauro ma ba a magana. Kacala ta kuma cinye burugu, ta toshe mashaya, shanu suka rasa hanyar ruwa sai ta cikin gona. Rigimar manoma da makiyaya da muke ji a rediyo, wani sashenta a nan ya tsiro.

Mun kwana a wani ƙauyen masunta a gefen Marma, gidan wani dattijo da bai taɓa ganinmu ba. Ya sa aka share mana ɗakin ƙofa, aka kawo tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, aka hura mana wuta saboda sanyi. Da safe na ce, “Baba, ga ɗan goro,” ya ture hannuna ya ce, “Malam, baƙon ruwa ba ya biyan kwana.” Shi ya kai mu wani busasshen fage ya nuna mana 'yan ramuka a taɓo, ya sa yaro ya haƙa, sai ga gaiwa naɗe cikin kwanson majinarta. Tana da huhu, tana iya wata da watanni a haka har ruwa ya dawo. Halittar da aka gina ta a kan bushewa ke nan, a ƙasar da yanzu rabinta ba ya bushewa.

Kifin da na gani a bakin ruwa ya dame ni. Tarwaɗa da karfasa ne suka fi yawa, su ne masu jure ruwa marar iska, sai kurungu jefi-jefi. Giwan ruwa da yauni da tsage, dattijon ya ce sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba. Laifin ba na ciyawa kaɗai ba ne. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, amma na ga ana jan gidan sauro, yana kwaso 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Ga dumba, jerin tarkon mali da ake gitta wa hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa daidai lokacin da kifi ke komawa kogi, babba da yaro ba mai tsira. Farashi kuwa abin takaici ne: kwandon bandar da dillali ya saya a gabanmu, na san abin da za a ce mini a kansa a Kano, kuma masuncin da ya kwana cikin sauro bai ga ko rabin kuɗin ba. Wanda ake saye a hannunsa da arha haka ba shi da hanya sai ya ƙara yawan abin da yake kamawa.

Bandar ma itace take ci. Giyayya da bagaruwa su ne bishiyoyin da ke jure tsayuwa cikin ruwa na 'yan watanni, a kansu zalɓe da balbela ke sheƙa, kashinsu na zuba a ruwa yana ciyar da kifi. Wajen Baturiya har yanzu akwai kurmi mai kyau, amma kututture ya yi yawa. Goruba ma manya ne kawai a tsaye. Ana yanke kaba tun tana ƙasa don tabarma da igiya, ba a barin ta ta yi sama. A wani shinge a hanyar Nguru wani mai kaki ya tsare mu kusan awa guda a kan madubin hangen nesa da ke wuyana, yana daka mana tsawa kamar ya kama ɓarayi, ko sallamarmu bai amsa ba. Muna tsaye motoci uku maƙare da ɗanyen itace suka wuce, ya ɗaga musu hannu.

Dagona ce ta wanke mini rai. Tafki ne da ke riƙe ruwa har cikin rani, yana cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, kuma a 2008 aka sa shi a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, bayan tafkin Nguru da Marma da suka shiga tun 2000. Mun isa da sassafe. Kirinjijiya ɗaruruwa suna fito, dinya da ɗani a gefe, jinjimi na caccakar taɓo. A tsakiyarsu ga baƙin hunturu: ƙananan agwagi da tsuntsayen taɓo masu dogayen ƙafafu da ke hayayyafa a arewacin Turai da Rasha, su ƙetare Sahara su iso wajen Oktoba, su koma wajen Maris. Kafin su juya sai sun tara kitse, kuma daga irin ciyawa da tsutsar bakin ruwa mai janyewa suke tara shi. Cikin kacala ba abin da za su tsinta. Shekarar da fadamun nan suka gaza, a Turai ake ganin raguwarsu. Ma'aikacin da ya zaga da mu mutum ne mai haƙuri, ya san kowane tsuntsu da kukansa, ga shi ko babur ɗin sintiri mai lafiya ba shi da shi. Gauraka ce ban gani ba, tsuntsuwar da ake kira ta ƙasa. Kama ta da ake yi ana kai wa masu hali su ajiye a tsakar gida ya kusa ƙarar da ita a Najeriya, kuma a wajenmu na san gidajen da ake alfahari da hakan.

A hanyar fita mun bi ta cikin garken shanu, balbela na biye tana cafke farar da kofato ke tayarwa, carki guda biyu kacal a bayan wani bijimi suna cire kaska.

Nguru mun yi mata wuni ɗaya. Kasuwar kifi da ta kanwa sun cika, tsohuwar tashar jirgin ƙasa tana nan. Na leƙa mayanka don in ga ungulu, babu ko ɗaya, daidai da mayankar garinmu. Masu sayen kai da ƙafa don haɗa magani sun gama da su. Gashuwa ba mu daɗe ba, kogin ya ja sosai, masu injin ban-ruwa sun jeru a gaɓa suna zuƙa. Daga nan muka juyo ta Birniwa, ƙura ta rufe hanya, muka shigo Kano bayan isha'i.