Hanyar Bauchi zuwa Gombe da Takwarorin Sunanta

Motarmu ta tashi daga Bauchi da hantsi, kuma ba mu kai gadar Dindima ba sai da hira ta ɓarke. Wani ɗalibi a kujerar baya ya rubuta "Gombe" a wayarsa domin ya duba yanayin garin, sai ga hotunan birai a cikin daji mai duhu. Dattijon da ke gefena, wanda ya daɗe yana fatauci a Kinshasa, ya leƙa wayar ya ce, "Yaro, ai Gombe ba ɗaya ba ce."

"To, Baba, wannan ta ina ce?" in ji ɗalibin.

Gomben birai tana ƙasar Tanzaniya, a bakin Tafkin Tanganyika, arewa da Kigoma, inda Jane Goodall ta fara nazarin biran chimpanzi a 1960, kafin a mayar da wurin gandun daji na ƙasa a 1968. Wadda dattijon ya fi sani kuwa unguwa ce a Kinshasa, a gaɓar Kogin Kwango, mai ɗauke da fadar shugaban ƙasa da ofisoshin jakadanci, wadda ake kira Kalina a zamanin mulkin Beljiyam. Duka biyun sunan rafi suka ci.

A Alkaleri muka tsaya salla. Muna cin tsire a tsaye, sai dattijon ya nuna motarmu da tsinken namansa, ya ce da Swahili "gari" ake kiranta. Kalmar ta shigo musu ne daga Indiya ta hanyar cinikin teku, ba ta haɗa komai da garinmu na zama ko garin tuwo ba, waɗanda su ma a baki ake bambanta su, a takarda kuwa kamarsu ɗaya. A ganina rubutun boko ne ke ruɗin mutane har su riƙa ƙulla zumuntar da babu ita tsakanin harsuna.

Tamu Gomben tarihinta daban ne. Buba Yero, almajirin Shehu Usman Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar bayan ya karɓi tuta a 1804, fadarsa kuma tana Gombe Abba, kusa da Kogin Gongola. Turawa suka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, sunan kuma ya bi sarki zuwa sabon mazauni. Wannan Doma ce muka hango a cikin kwari da muka wuce Tumfure dab da la'asar, ita ce babban birnin jiha tun 1996.