Imel Ya Shigo, Waya Ta Yi Shiru: Ina Matsalar Take?

Ƙannena, idan imel ya shigo da ƙarfe tara amma wayarku ba ta yi ƙara ba sai sha ɗaya, kada ku yi gaggawar tone saituna. Wannan shi ne kuskuren da mu da muka riga ku riƙe irin waɗannan wayoyin muka daɗe muna tafkawa: a kunna wannan, a kashe wancan, a goge manhaja a sake saukewa, ƙarshe ko an dace ba a san abin da ya gyara ba, kwana biyu matsalar ta dawo. Kafin saƙo ya sa wayarku ta yi ƙara, sai ya isa sabar kamfanin imel ɗinku, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da ajiye saƙonninku, sai sabar ta sanar da wayar, sai wayar ta ƙyale manhajar ta farka, sannan manhajar ta ga saƙon ya cancanci a yi muku ƙara. Ko'ina a cikin nan yana iya maƙalewa, kuma maganin kowanne daban.

Ku fara tabbatar da cewa laifin ma na wayar ne. Ku buɗe saƙon da ya makara a kwamfuta, a shafin Gmail, ku danna ɗigo ukun da ke gefensa, ku zaɓi “Show original”. A saman shafin da zai buɗe za ku ga lokacin da aka aiko saƙon, da adadin daƙiƙun da ya ɗauka kafin ya iso. Idan ya nuna daƙiƙa biyu ko uku, saƙon ya iso a kan lokaci, wayarku ce ta yi barci. Idan ya nuna dubbai, ku ƙyale wayar, ba ta da hannu. Wasu sabobin da gangan suke ƙin karɓar saƙon baƙon adireshi a karon farko, su ce a sake gwadawa an jima, saboda masu watsa saƙonnin shara galibi ba sa dawowa. Wannan kaɗai kan jawo jinkirin mintuna. Ku kuma duba ma'ajiyarku. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi, kuma da zarar ya cika saƙo ba zai shigo ba kwata-kwata, mai aikowa ake mayar wa da abinsa.

In saƙon ya iso da wuri, to sai a dubi yadda wayar ke samun labarinsa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke ruɗewa. Hanya biyu ce. Ko dai wayar ta riƙa leƙa saba lokaci-lokaci tana tambaya ko akwai sabo, ko kuma sabar ta turo labari da kanta da zarar saƙo ya faɗo. Bambancinsu kamar na mai tura yaro ya duba akwatin gidan waya ne da wanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa a miƙa masa wasiƙa. Idan leƙe wayarku take yi duk minti 15, to babu wani saitin ƙara ko na batir da zai sa ku ji saƙo nan take. Wani zai zo cikin minti ɗaya ku ce an gyara, wani ya kai 14 ku ce ta sake lalacewa, alhali babu abin da ya canja.

Wace hanya kuke kai ya danganta da irin asusun da kuma manhajar da kuka sa shi a ciki. Asusun da aka haɗa ta tsohuwar hanyar POP3 leƙe kawai ya sani. IMAP, wata hanyar haɗa asusu da manhaja, yana da wani umarni mai suna IDLE, wanda aka fitar tun 1997, da ke barin layi a buɗe tsakanin waya da saba domin labari ya zo nan take, amma sai manhajar ta iya shi. Exchange, wanda ofisoshi da makarantu da yawa ke amfani da shi, turawa yake yi. Ga inda tarkon yake: adireshin Gmail a cikin manhajar Gmail yana samun turawa, amma idan kuka cusa adireshin wurin aiki na IMAP a cikin wannan manhajar a Android, leƙe za ta riƙa yi masa, kuma mafi kusa duk minti 15 ne. Irin wannan asusun ya fi dacewa da manhajar da ta iya IDLE, kamar Thunderbird ta Android, wadda aka gina a kan K-9 Mail, ko FairEmail. A cikinsu ma ku tabbata turawar a kunne take ga akwatin da kuke so. Ƙa'idar IDLE ta ce a sabunta layin aƙalla duk minti 29, sai dai wasu na'urorin Wi-Fi da wasu kamfanonin waya suna datse layin da ya yi shiru tun kafin nan. Idan saƙo yana zuwa nan take na ɗan lokaci sannan ya ɗauke, ku rage wannan tazarar a saitin asusun.

Masu iPhone kuma abin nasu a juye yake. Manhajar Mail da ta zo da wayar tana samun turawa daga iCloud da Exchange, amma ba ta samu daga Gmail na kyauta, tun da Google ya rufe wannan ƙofar ga sabbin na'urori a farkon 2013. Ku shiga saitin Mail, ɓangaren asusu, ku buɗe “Fetch New Data”, za ku ga zaɓin minti 15, minti 30, awa ɗaya, da hannu, da kuma “Automatically”. Wannan na ƙarshen sunansa na ruɗi ne, domin ba ya ɗebo saƙo a ɓoye sai wayar tana caji kuma tana kan Wi-Fi. Mai Gmail da ke son sanarwa nan take a iPhone, ya sauke manhajar Gmail ɗin kanta, magana ta ƙare. Ku kuma sani cewa yanayin tsimin batir, wanda ke mayar da alamar batir ruwan ɗorawa, yana dakatar da leƙen imel har sai an kashe shi.

Yanzu a zo kan babbar ɓarauniyar sanarwa a Android, wato dabarar tsimin batir. Tun Android 6 a 2015 aka kawo Doze: idan allo a kashe yake, wayar ba ta caji, kuma an ajiye ta ba motsi, tsarin zai yanke wa manhajoji intanet, ya riƙa buɗe musu ɗan lokaci jefi-jefi, tazarar kuma tana ƙara tsawo. Shi ya sa saƙonni kan taru su zubo a lokaci guda da zarar kun ɗauki wayar. Android 9 a 2018 ya ƙara wani tsarin da ke lura da manhajar da ba ku cika buɗewa ba ya rage mata dama. Masu ƙera wayoyi kuma kowa ya ɗora nasa a kai. Samsung yana da jerin manhajoji masu barci da masu barci mai nauyi. Wadda ta faɗa na biyun ba ta motsi a ɓoye sai kun buɗe ta da hannu. Xiaomi yana da “Autostart”, wanda in ba a kunna wa manhaja ba takan kasa tashi da kanta.

Gyaran ba wuya. Ku danna alamar manhajar ku riƙe, ku shiga bayananta, ku buɗe ɓangaren batir, ku zaɓi “Unrestricted”. A ɓangaren data ku kunna amfani da data a ɓoye, ku kuma ba ta izini ko da mai tsimin data yana kunne. In Samsung ce, ku sa ta a jerin waɗanda ba sa barci. Ku yi wa manhajar imel kaɗai haka, da wataƙila ɗaya ko biyu da kuke dogara da su; in kun yi wa kowace manhaja, batirin ba zai kai ku yamma ba.

Manhajojin nan da ake tallatawa wai suna wanke waya su ƙara mata gudu, a ra'ayina babu abin da ya kai su ɓarna a wannan fannin. Aikinsu kashe abin da ke gudana a ɓoye, kuma abin da ke gudana a ɓoyen shi ne mai jiran saƙonku. Haka maɓallin “Force stop”: duk manhajar da aka danna wa shi ba za ta ƙara karɓar sanarwa ba sai an sake buɗe ta. A wasu wayoyin ma share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan yana yin kusan wannan aikin, don haka ku bar ɗabi'ar share komai duk bayan minti biyar.

Wani lokacin kuma Wi-Fi ɗin ne. Sanarwar Google tana bi ta ƙofofin intanet (ports) masu lamba 5228 zuwa 5230, ta Apple kuma 5223, kuma akwai wuraren aiki da makarantun da ke toshe su. Ku kashe Wi-Fi ku koma kan data. In sanarwa ta dawo, kun gano mai laifin.

Saura saitin sanarwar kanta, kuma wannan hawa biyu ne, na waya da na manhaja. Daga Android 13 na 2022, manhaja sai ta nemi izini kafin ta nuna sanarwa, kuma da yawa suna danna “a'a” a ranar farko su manta. Tun Android 8 kuma kowace manhaja tana da rukunan sanarwa daban-daban, don haka ana iya kunna babban maɓallin alhali rukunin saƙonni yana kan shiru. A cikin Gmail, ku shiga saiti, ku danna adireshin, domin kowane asusu da nasa saitin. Ku tabbata akwai alama a kan “Sync Gmail”. A zaɓin sanarwa akwai duka, da masu muhimmanci kaɗai, da babu. Idan kuka zaɓi na tsakiya, kun bar wa na'ura ta yanke muku hukuncin abin da ke da muhimmanci, kuma saƙon wanda bai taɓa rubuto muku ba, kamar kiran ganawar neman aiki, shi ya fi saurin faɗuwa. Akwai kuma wani ƙaramin akwati, “Notify for every message”. In babu alama a kansa, wayar za ta yi ƙara a saƙon farko, na bayansa su shigo shiru muddin ba ku taɓa sanarwar farkon ba. Sannan a tsarin da Gmail ke zuwa da shi, abin da ya faɗa shafin talla ko na sada zumunta ba ya ƙara.

Amma kada ku ce sai kowane imel ya yi muku ƙara. Wayar da ke kuka sau hamsin a yini, kunne yakan daina jin ta, ranar da na gasken ya zo sai a share shi tare da tallace-tallace. Abin da ya fi shi ne ku buɗe Gmail a kwamfuta, domin a can ake ƙirƙirar matatar saƙonni (filter), ku yi matata ga adireshin da kuke jira, ku ce a manna masa lakabi, kada kuma a taɓa jefa shi cikin saƙonnin shara (Spam). Ku koma wayar Android, ku shiga “Manage labels” a saitin Gmail, ku kunna daidaita wannan lakabin, ku ba shi sanarwa da sautinsa na daban. A manhajar Mail ta iPhone, jerin VIP ne ke yin wannan aikin. Ku lura kada ku sa matatar ta tsallake akwatin shiga ba tare da kun kunna sanarwar lakabin ba, in ba haka ba saƙon zai shige ba wanda ya ji. Tunda kuma lambobin tabbatarwa na bankuna da shafuka suna zuwa ta imel, ku sa a ɓoye abin da ke cikin sanarwa idan allo a kulle yake.

Bayan kowane canji guda ɗaya, ku gwada kafin ku taɓa na gaba. Gwajin da ake yi waya na hannu, allo a kunne, ba ya nuna komai, domin a lokacin babu abin da ke barci. Ku cire caji, ku kulle allo, ku ajiye wayar a kan tebur kamar awa ɗaya ba tare da kun taɓa ta ba, sannan ku aiko saƙo daga wani adireshi dabam ta wata na'ura, ku duba agogo. Kada ku buɗe saƙon a kwamfuta kuna jira, domin da zarar an karanta shi a can, sanarwar wayar takan ɓace ko ta ƙi fitowa. In kun canja kalmar sirri kwanan nan, ku sake shigar da ita a wayar kafin gwajin, saboda wasu manhajojin sukan daina karɓar saƙo ba tare da wani gargaɗin da ido zai kama ba.